Murhu a Ƙasan Teku

Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da nutso.
Kafin kamfani ya kafa ƙarfe a Tekun Meziko
sai an kira ni, ni Ovide Dardar,
in sauka in duba ko da mai gida a ƙasa.
Doka ce ta ce a yi. Shafi uku kacal,
amma ita ce sallamarmu a ƙofar matattu.

Wata Talata, taku casa'in ƙarƙashin ruwa,
inda haske ke komawa launin dafaffen shayi,
na tura hannu cikin laka
na taɓo ƙasar da wuta ta gasa.
Gawayi a tsakiya. A gefe, tulin ɓawon kawa.
Wani ya ci abincin dare a nan
tun wurin yana tudu,
tun teku na can nesa, sai an yi masa tafiyar kwana biyu.
Wata ta hura wutar nan, hayaƙi ya sa ta hawaye.
Na tsaya ina jin numfashina cikin tiyo
kamar baƙon da ya faɗo gida ana tsakiyar ci.

Kakata Eulalie takan ce
ƙasarmu tafiya take, ba ta ban kwana.
Ita ma yanzu sai ruwa ya janye
ake ganin kan gicciyenta,
kaguwa na shawagi a kan sunanta.

A rediyon kicin na jirgi muka ji labari.
Kyaftin Quới yana soya ƙwai, bai ko juyo ba.
Wani ɗan majalisa, muryarsa sumul kamar an goga mata mai,
ya ce takardu ne ke riƙe ƙafar ci gaba,
ya ce ba wanda ke zaune a ƙasan teku.
Aka ɗaga hannuwa, aka ƙirga,
aka tafi cin abincin rana.
Ƙwai ya ƙone.

Ba zan yi ƙarya ba:
ƙanena Alcée a rijiyar man yake aiki,
albashinsa ne ya rufa ɗakin innarmu bayan guguwa.
Fitilar da nake rubutu da ita, daga can take sha.
Ban ce kar a haƙa ba.
Na ce a ƙwanƙwasa.
A matsa taku ɗari biyu gabas, laka ce zalla,
ba ta kowa ba.

Anga ba ta da ido.
In an ja sarƙarta, shara take,
abin da ya kwanta shekara dubu takwas
ya tashi ƙura cikin minti huɗu,
ba wanda zai ji ƙara, ba wanda zai rubuta.
Ruwa ya ci su sau ɗaya, muka ce ƙaddara.
Wannan cin na biyu fa, da sa hannu da hatimi?

Jiya na koma, ba wanda ya aike ni,
da kuɗina na sayi iskar.
Wani jan kifi ya tare a murhun, ya dube ni sheƙeƙe.
Na ɗauki ɓawo ɗaya, na ga inda aka ɓalle shi da ƙarfi,
babban yatsana ya zauna daidai a gurbin nasa.
Na so in sa a aljihu.
Na mayar.

Lambobin wurin na rubuta su a bangon littafin lissafin 'yata.
Ta ce, Baba, wannan wane lissafi ne?
Na ce adireshi ne.
Ta ce, na wa?

Jirgin ja ya riga ya fita tun asuba,
ina jin kukansa daga baranda.
Ban ba ta amsa ba tukuna.